Buhu Bakwai

Shekara uku ban gaida Bizo ba.
Ko a jana'iza muka haɗu, takalmina nake kallo.
Buhu bakwai ne tsakaninmu,
jar albasar Galmi, mai sa amarya hawaye,
na ce sun hau motarsa da dare,
Abijan ta ce ba su sauka ba.

Na ce ya karyar da su a hanya.
Ya ce a tambayi duwan. Duwan suka ce ba su gani ba.
Dillalin can ya ce ruɓa.
Kowa da littafinsa a aljihun riga,
kowane littafi da fensirinsa da magoginsa,
kowa na rantsuwa, jijiyar wuya a miƙe.
Gaskiya huɗu a kan mota ɗaya,
ko ɗaya ba ta biya ni ba.

Bana Tsahara, ɗiyar ƙanena,
ta zo daga Tawa da magana cikin salula.
Ta ce: Baba, ƙungiya ta buɗe sabon littafi.
Ba ya aljihun kowa, yana hannun kowa.
Ka rubuta, mai awo ya gani, direba ya gani,
mai saye a bakin teku ya gani.
Kowane layi ɗaure yake da wanda ya riga shi,
kamar raƙuman gishiri a igiya guda:
kwance ɗaya, duk ayari ya waiwayo.
Ta ce sunansa bulokcen.
Na ce haƙoran da suka rage mini ba za su tauna shi ba,
sarƙa zan kira shi.

Na yi murna, ban ɓoye ba.
Na ce yau ɓarawo zai ga tarko.

Ranar lodi na ƙirga da kaina: ɗari uku cif.
Tankari mai awo ya ƙirga, ya danna:
ɗari uku ba biyar.
Na daka masa tsawa. Ya ce a sake.
Aka sake, ƴan dako na zufa, suna zagina a ciki.
Ɗari uku ba biyar.

Tsahara ce ta ja ni gefe.
Jerin da ke jikin rudu, Baba,
ka ƙirga shi da shiga, ka ƙirga shi da fita.

Haka nake ƙirgata tun gemuna na baƙi.

Mota ta tashi. Muna zaune kan tabarma muna binta:
Konni ta sa hannu, Doso ta sa,
Yamai, iyaka, har inda ban taɓa taka ba.
Abin da ya hau shi ya sauka,
kuɗi suka zo kafin a yi mini aski na biyu.
Mutanen da ba su taɓa cin tuwo tare ba
sun ɗauki kaya ɗaya, ba wanda ya murɗe wuya.

Kar a ce na zama marokin sarƙa.
Ba ta da hanci, ba ta jin albasar da ta fara ruwa.
Zuba mata ƙarya, ta riƙe maka ita har jikoki.
Shi ya sa take son ido da yawa a bakin buhu.
Nawa biyun, na ga iyakarsu.

Daren nan barci bai zo ba.
Na tuna waccan shekara, na tuna rudun,
na tuna jerin da ke jikinsa.
Na ƙirga a duhu, da yatsu, sau ɗaya tak.

Da safe na sayi goro, na nufi tasha.
Bizo na ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai a waje.
Na yi sallama. Shiru.
Na ce: Bizo, buhunan nan ba su taɓa hawa ba.
Shiru, sai ɗigar baƙin mai a ƙasa.

Can ya miƙo hannu, bai leƙo ba.
Ya ce: Nomau, ba ni sufana,
ta sha bakwai ɗin.